Taswirar da Na Kai Jidda

A zamaninmu, idan mutum ya ce ya san hanya, to a kansa take da idonsa. Yanzu kuwa wanda ba ya iya zuwa gidan surukansa sai wata mata ta cikin waya ta ce masa ya karya dama, shi ma sunansa direba. Da wannan rainin na tashi zuwa Jidda. Tunda 'yan majalisarmu ta ƙofar masallaci sun hana ni sakat da tambayar me na je yi da me na samo, ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni in sha shayina.

Sai na fara da aikina, don yawancinku kun ɗauka matuƙin jirgi ne ni. Ban taɓa tuƙi ba. A jirgin yaƙi mai kujera biyu, matuƙi na gaba, ni ina baya da taswira a cinya. Lokacin babu tauraron ɗan'adam da zai gaya maka inda kake. Muna tafiya ƙasa-ƙasa, har kana iya bambance akuya da tunkiya, kuma kowane minti ɗaya mun ci mil bakwai. Kayan aikina uku ne: taswira, kamfas, da agogo mai maɓalli da ake dannawa ya fara ƙirga daƙiƙa. Kafin a tashi zan ja layin hanyarmu da rula, in yi masa tsaga-tsaga, kowace tsaga minti ɗaya. Dokar da aka cusa mana ita ce: dubi agogo, dubi taswira, sannan ka dubi ƙasa. Agogo ya ce minti goma sha ɗaya, taswira ta ce akwai gada, ka ɗaga kai ka ga gada, sai ka ce wa na gaba ya juya. Nasa aikin ya riƙe gudu da saiti kada su motsa. Na yi kwas a ƙasashe uku, na ji masu Turanci da masu Rashanci da masu Larabcin Masar suna koyar da abin nan, kuma duk bakinsu ɗaya.

Matuƙina shi ne Idrisu, Bazazzagi, ni kuwa Bakano, don haka tun ranar farko yake kirana bawansa. Wata safiya aka ba mu gwaji, manya na jira su ga mun iso kan wani wuri a daidai daƙiƙar da aka yanka. Muka juya a kan gada yadda na ce, daga nan ƙasa ta daina kama da takarda. Muka yi ta lalube har mai ya kusa ƙarewa, muka sauka a wani filin da ba namu ba. Kwamitin bincike ya karɓi taswirata, aka ɗora rula a kan layin, aka yaba tsabtar aikina, aka ce Idrisu ne bai riƙe gudu ba. Da ma bakinsa ya riga ya ɓata masa da manya. Aka sallame shi. Ya tafi Jidda wurin dangin mahaifiyarsa, ya zama direban tankar ruwa. Ni na ci gaba har na yi ritaya da girmana.

Shekara arba'in da wani abu muna musu, da farko a wasiƙa, daga baya a waya. Shi yana cewa allurar gudunsa ba ta motsa ba, ni ina cewa takarda ba ta ƙarya. Watannin baya ya kira ni, ya ce idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya.

“Bawana, ka zo da takardar nan, in ba ka sayar wa mai ƙosai ba. 'Ya'yana sun tashi suna jin ana ce da ni kyaftin na tankar ruwa. Ina so a yi ta a gabansu.”

Na ce masa ina zuwa. A raina na ce tunda shi ya nemi a kunyata shi a gaban iyalinsa, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Na zaro taswirar daga ƙasan akwati, na sa ta cikin tsohon fayil, na nemi bizar umara.

A filin jirgin Kano aka fara. Wata ma'aikaciya ta buɗe fayil ɗin, ta juya taswirar sama da ƙasa, ta tambaye ni ko laya ce. Na ce e, ta maganin ɓata. Ta ce a yi mata addu'a a Harami. A cikin jirgi na zauna kusa da wani ɗan kasuwa mai sarin jallabiya, wanda ya yi ta nuna min ɗan allon da ke bayan kujera, inda hoton jirgi ke rarrafe a kan teku. Ya ce, “Baba, ka ga inda muke, ikon Allah.” Na tambaye shi in allon ya mutu fa. Ya ce ai ba ya mutuwa, na Turawa ne. Na rufe ido. Waɗanda ke gaban jirgin ma, na san kofi suke sha, na'ura na yi musu aikin da ya sa mu gumi har cikin takalmi.

Da hantsi muka sauka Jidda. A wurin duba fasfo na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi ni. Na ɗora babban yatsa, ta yi ja. Na ɗora manuni, ta yi ja. Jami'in ya ba ni wani mai na shafa, ya danna hannuna da nasa kamar mai buga hatimi. Na yi masa bayani da Larabci cewa tsufa ne ya shafe zanen, sai ya bushe da dariya ya kira na kusa da shi, wai ga baƙin mutum yana magana kamar ɗan wasan kwaikwayon Masar. Na je ƙasashe da yawa, ban taɓa zuwa inda aka yi wa mutum dariya don ya iya harshensu ba sai nan. A yatsa na bakwai na'urar ta yarda ni mutum ne.

Wanda ya zo tarbata shi ne Abakar, mijin 'yar Idrisu, mutumin Chadi, mai shagon kayan mota a Waziriyya. Hausarsa da Faransanci da Larabci a kwano ɗaya suke, sai ka tsince. Ya kama jakata yana ta “ahlan, ahlan, Baffa, yalla,” ya manna waya a gaban mota, matar nan ta fara ba shi umarni. Shekararsa ashirin a garin. Na tambaye shi ina gabas. Ya ce bari ya duba. Ya duba wayar, ya nuna min yamma, ga teku shimfiɗe a wajen. Na ce masa in ya ci gaba da salla ta can, kifi ne kawai za su shaide shi. Ya yi dariya har ya wuce mararraba, matar ta ce ya koma, muka yi wani zagaye a kan gadoji masu hawa kan juna har na daina ƙirgawa.

Ya sauke ni a wani masauki a Aziziyya. Ɗakin ba laifi, sai dai sanyin na'urar ya isa a ajiye nama, kuma ban ga inda ake rage shi ba. Na kira mai kula da wurin, wani ɗan Bangaladash, muka gwada Larabci, muka gwada Turanci, a ƙarshe ya kawo min bargo biyu. A garin da rana ke narkar da kwalta, na yi ƙailula a ƙudundune kamar jinjiri.

Abincin ma ga shi nan. Da safe wake ne da aka dama da mai, ana dangwala da wani faffaɗan burodi da suke kira tamis, mai faɗin faifai. Da rana shinkafa da nama a tire guda, babu miya, mutum biyar a kai. A Rasha na ci kabeji wata shida ban yi ƙorafi ba, amma can aƙalla ba su ce min abincin sarakuna ne ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da Abakar ya ce zai kai ni in ci wani abin marmari na mutanen Jidda, wai shi siriya. Muka je, na ga nama a tsinke da ƙuli-ƙuli da yaji. Tsire ne. Kakanninmu suka kawo shi a ƙafa ta Sudan, aka sa masa rawani, yanzu ni za a koya wa cinsa.

Kwana biyu na huta. A na uku, bayan la'asar, Abakar ya kai ni Madain Fahd, inda Idrisu yake zaune da su. Unguwa ce da layukanta suka yi kama da juna kamar ƙwan zabi, shago, gida, shago, gida. Na lura da masallaci mai koriyar hasumiya da wani gidan burodi, na riƙe su a kaina yadda na saba, don in an bar ni a titi in iya komawa.

'Yarsa Samira ce ta buɗe ƙofa. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, tana aiki a kantin magani, a Jidda aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai rabi ya zame Larabci: baffa ya koma Ammi, uba ya koma Abuya. Ta gaishe ni da ladabi, ba fara'a.

“Sannu da zuwa, ya Ammi. Abuya yana ciki. Tun subahi yake jira.”

Ya rame, ya yi furfura har gira, idanunsa sun yi fari-fari. Yana zaune a kan kilishi da butar shayi a gefe. Da ya ji takuna ya ɗaga kai wajen da ba nan nake ba.

“Wa ya bar bawana ya shigo da takalmi?”

“Na cire, makahon Zariya. Ka tashi ka gaida ubangidanka.”

“Ubangida a ina? Bakano ko a Harami ciniki yake. Nawa ka sayar da kujerarka ta jirgi?”

Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Muka sha shayi, muka lissafa waɗanda suka mutu, suka fi masu rai yawa. Ƙannen Samira maza biyu suka shigo suka zauna a bakin ƙofa, manyan mutane da gemu, kowa da waya a hannu. Na ga yadda suke kallon uban idan ya ambaci jirgi: irin kallon da ake yi wa tsoho in ya fara labarin kurar da ya kashe da sanda. Samira ta ce, ba tare da ta dube shi ba, “Abuya, khalas, a yi a gama. Kullum tayyara, tayyara, jirgi, jirgi.”

Na buɗe fayil na shimfiɗa taswirar a kan kilishi. Doguwa ce siririya, don mukan yanke abin da ba mu buƙata ta zauna a cinya. Ta yi ruwan ƙasa, amma layina na nan, tsagogin minti na nan reras kamar haƙoran mataji. Na yi wa 'ya'yan bayani dalla-dalla, har da ɗan jin daɗi. Ga inda muka tashi, ga hanyar mota miƙaƙƙiya da muka bi gefenta, ga minti goma sha ɗaya, ga gada. In da an riƙe gudu, babu yadda za a yi a ɓata. Na ce ba don in ci mutuncin kowa ba, amma takarda ga ta.

Idrisu ya ce, “Miƙo.”

“Me za ka gani?”

“Miƙo dai. Ranar nan ba a bar ni na taɓa ta ba.”

Gaskiya ne, ba a bar shi ba. Ya ɗora ta a cinya ya fara bin ta da yatsu tun daga ƙasa, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya koma kan wayarsa. Can wajen tsakiya hannun ya tsaya. Ya koma baya, ya dawo, ya matse wurin tsakanin babban yatsa da manuni.

“Nan ka haɗa?”

Na ce e. Hanyarmu ta ratsa takardu biyu, sai an haɗa su da gam. Kowa na yi.

“Haɗin da aka koya mana, faɗinsa nawa?”

“Bakin farce.”

“To wannan yatsuna biyu sun zauna a kai, har da saura. Taɓa.”

Na taɓa. Takardar ta yi kauri a wurin, ninki biyu, faɗin yatsu biyu. Na ce wataƙila farin gefe ne na bari a ƙasa don ƙarfi. Ya ce wataƙila. Ya ce da Samira ta mayar da butar kan wuta ta kawo ta tana tafasa.

Gam ɗin zamaninmu na ƙaro ne, tururi na sakinsa. Samira ta riƙe takardar a bakin buta, ni na ce a yi a hankali kada a lalata kayan tarihi. Ta sa bakin cokali ta ɗaga gefen. Ya ɗago kamar ɓawon albasa. Ƙarƙashinsa ba farin gefe ba ne. Ƙasa ce, da launinta da zanenta, sabuwa fil kamar jiya aka buga, don rana ba ta taɓa ganinta ba.

Idrisu ya ce, “Me ke ciki?”

Ta kawo ta kusa da fuskarta. “Fi khat azraƙ, shuɗin layi. Kamar wadi, kogi ke nan. Hanyar ta bi ta kansa.” Ta ɗora yatsa a wurin. “Fi kubri, Abuya. Akwai gada.”

Ba sai an yi min lissafi ba. A irin wannan taswira, faɗin yatsu biyu mil bakwai ne, minti ɗaya cur. Na tuna safiyar: na yanke gefunan da ke da lambobi tun kafin in haɗa, don aikin ya fito da kyau, sannan na daidaita takardun da hanyar mota. Miƙaƙƙen layi kuwa duk inda ka zame shi zai haɗu da ɗan'uwansa. Na binne mil bakwai da kogi da gada a ƙarƙashin gam, na auna mintocina a kan abin da ya rage. Agogo ya ce gada, na ɗaga kai na ga gada, na ce a juya. Gadar da na gani ita ce wadda na binne. Tamu tana gaba da minti ɗaya. Kuma ba za mu iso wannan ta farkon a daidai daƙiƙar ba sai in na gaba ya riƙe gudunsa kamar an ɗaure allurar da zare.

Na fara cewa kwamitin ma ai bai gani ba, kuma hasken ɗakin da muke shiri ba shi da kyau. Idrisu ya ɗaga hannu.

“Bawana, ban kira ka don kwamiti ba, duk sun mutu. Ga su nan. Faɗa musu. Kuma da Larabci, kada gobe su ce ba su gane ba.”

Na yi jawabi a gaban janar-janar na ƙasashe uku ban taɓa jin harshena ya yi nauyi haka ba. Na juya wajen 'ya'yan na faɗa, da Larabcin Masar ɗin nan da aka yi wa dariya a filin jirgi. Na ce ubanku bai yi kuskure ba. Ni na yi, kuma shi aka kora. Ba wanda ya yi dariya. Wanda ke kan waya ya kife ta a kan kilishi.

Samira ta daɗe tana kallon ɗan guntun ƙasar nan. Sannan ta tambaye ni da Hausa, a hankali, tana neman kalmomin.

“Ya Ammi, yana iyawa? Da gaske?”

Na ce na zauna a bayan matuƙa fiye da talatin, ban ga mai hannunsa ba. Na ce na san haka tun lokacin, ban taɓa faɗa ba. Ta tashi ta ɗauki butar ta shiga ciki, ta daɗe ba ta fito ba.

Idrisu ya jingina da bango. Na jira ya zage ni, da ya fi min sauƙi. Sai ya ce, “Bakano da gaggawa. Ko taswira sai ka rage mata mudu.” Ya lalubo kofinsa. “Ruwan da na kai wa mutane a garin nan ya fi man da za ka ƙona a sama amfani. Amma da na so in ga inda zan kai.”

Na nemi gafararsa. Ya ce ya yafe, amma takardar ta zama tasa. Abakar ya ce zai sa a yi mata gilashi, da haɗin a buɗe.

Washegari na wuce Makka na yi umarata, na dawo Jidda na yi kwana biyu ina zuwa wurinsa kullum da la'asar. Rana ta ƙarshe na tarar da 'ya'yan sun zagaye shi, yana nuna musu da tafin hannu yadda ake kwantar da jirgi a juya ba a rasa tsayi ba, suna tambaya, yana amsawa da tsawa kamar suna kwas. Da na yi sallama ya ce in gaida Kanawa, in ce musu ubangidansu na nan lafiya.

To, kun ji abin da na samo a Jidda. Masu jiran tsarabar dabino su yi haƙuri, na raba a hanya. Har yanzu ina ganin direban da bai san gabas ba abin tausayi ne, wannan ba ta canza ba. Wadda ta canza ita ce labarin da na shekara arba'in ina ba ku a majalisa, na matuƙin da ya ɓatar da ni. Ku goge shi. Idrisu ya riƙe gudunsa daidai, ni na ɓatar da mu, kuma girman da na yi ritaya da shi, rabinsa nasa ne.